Na Je Alƙahira Neman Wushiryata

Abin da ya fara ba ni dariya a ƙasar Masar shi ne sanyi. Mu mutanen Funtua muna taƙama mun san sanyi, to ranar da na fito daga filin jirgin Alƙahira na gane ashe wasan yara muke yi. Iska ta bi ta giɓin bakina ta daki dasashi, na ji ta har tsakar kai. Na ƙyalƙyale da dariya, na kuma yi maza na kai gefen mayafi na toshe baki, kamar yadda na saba tun da abin ya same ni. Hajiya Delu, ƙawata da ta kawo ni, ta harare ni ta ce, "Hansai, dan Allah ki bari mu wuce jami'an nan tukuna, kada su ce mahaukaciya na shigo masu da ita."

Na kasa dainawa. Ni da iyakar tafiyata Kano da Kaduna, yau ga ni a ƙasar Fir'auna da ƙafafuna biyu! Sana'ata saye da sayar da masara da dawa, ina bin kasuwar Dandume da ta Bakori, kuma duk dillalin da ya san ni ya san ni da abu biyu: ba a cutata a mudu, kuma ana jin dariyata kafin a hango ni. A da ina da wushirya, irin wadda ake kwatance da ita, siririya tsaf tsakanin haƙoran sama. Sai wata rana ɗan acaɓa ya ɗauko ni daga Bakori, saniya ta ratso titi, muka kwashe ta, ta kwashe mu. Haƙorin gaba ɗaya ya tafi, har yau ban san inda ya faɗi ba, na kusa da shi kuma ya ɓantare. Wushirya ta haɗe da giɓi, na koma mai wawulo.

Ba kwalliya ce ta kai ni Masar ba, ko da yake ƙarya ne in ce ba na son kwalliyar. Innata ce. Tana Gozaki a gidan yayana, gigin tsufa ya fara taɓa ta. Da na warke na je gaishe ta, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baƙuwa daga ina?" Na ce, "Inna, ni ce fa, Hansai." Ta girgiza kai ta ce, "A'a. Hansai tawa wushirya gare ta." Tun daga ranar, duk zuwan da na yi baƙuwa nake. Ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta sa a kawo mini ruwa, sannan ta zauna tana ba ni labarin ɗiyarta Hansai da ta daina zuwa gaishe ta. Babu abin da ya taɓa yi mini ciwo kamar wannan. Wani likita a Malumfashi ya ce ciwon nata ba ruwansa da haƙorina, ko na mayar da shi ba lalle ta gane ni ba. Na yi masa godiya, amma a raina ban yarda ba.

Na gwada haƙorin roba na cirewa da mayarwa. Ranar sunan jikar maƙwabciyata ya faɗa mini cikin kofin kunu a gaban mata, ban sake sa shi ba. Delu mai sarin abaya ce, Alƙahira ta zama mata kamar bayan ɗaki, ita ta ce akwai wanda ake mannewa daram, ba ya motsi. Na san ana yin sa a Zariya da Kano. Amma ga abokiyar tafiya, ga kaka ta yi kyau, ga maigidana ya ce in je in ga duniya ko kunnensa ya huta. Ai kuwa ban bari ya sake shawara ba.

Masaukinmu ɗaki ne a can saman wani bene, a unguwar da 'yan Afirka suka yi yawa. Daga taga nake leƙen titi kamar yarinya. Motoci ba sa tsayawa, mutane ma ba sa tsayawa, kowa ya kutsa cikin ɗan'uwansa, kuma babu wanda ya mutu. Na ga mutum a kan keke da faifan katako cike da gurasa a kansa, hannu ɗaya a kan kan keken, yana ratsa motoci yana waya. Na ce, "Delu, wannan da Funtua yake da ya yi suna." Mata na zuro kwando da igiya daga saman bene, mai shago ya zuba masu cefane su janye. Na rantse sai na kai wannan dabarar gida, sai na tuna gidanmu ba bene ba ne. Ranar farko da za mu tsallaka titi, na riƙe gefen hijabin Delu na rufe ido ina salati, ita kuma tana jana tana zagin direbobi da Hausa.

A ƙofar masaukin muka haɗu da Malam Nafi'u. Ɗan ƙasarmu ne, ya ce karatu ya kawo shi, karatun ya ƙare shi bai ƙare ba. Ga fara'a, ga "Hajiyata" a kowace jimla, ni da ko Jidda ban taka ba. Ya ce aikinsa raka marasa lafiya wajen likitoci saboda Allah, kuma ya san wurin da manyan mutane ke gyara haƙori. Jin Hausa a bakin namiji mai Larabci ya sanyaya mini rai, na bi shi ba tare da wani tunani ba.

Wurin kam ya haɗu. Kujeru masu laushi, ƙamshi, hotunan mutane farare suna wage baki a bango. Wani mai farar riga ya leƙa bakina, leƙawar da ba ta kai ta mai sayen tumatir ba, ya yi ta zuba Larabci. Nafi'u ya ce wai haƙorana duk sun tsufa, gara a kankare na sama gaba ɗaya a jera mini sababbi farare tas, yau-yau za a fara in na amince. Ni kuma murna ta hana ni tunani, har na fara gyara zama a kujera. Sai na ji Delu ta murɗe mini fatar hannu.

Larabcin Delu na kasuwa ne zalla. Ba ta iya cewa kaina na ciwo ba, amma in ana maganar ciniki ko a cikin barci aka yi ta sai ta ji. Ta raɗa mini, "Tashi mu tafi. Ba bakinki suke magana ba, kason wancan ɗan banzan suke ja-in-ja a kai." Na dubi Nafi'u, ya sakar mini murmushi. Haƙorin dariya dai shi ke cizo. Na miƙe na ce zan kama ruwa, muka bi matakala da gudu kamar ɓarayi, mata biyu masu jikoki. Abin da na bayar na ganin likita ya tafi ke nan, ban ko waiwaya ba. Da muka fito titi Delu ta dafa bango tana haki, ni kuma ina ta dariya a cikin mayafi, har da hawaye.

Dariyar ba ta kwana ba. Delu ta shiga harkar sarinta, ta fita da safe ta dawo da yamma, ni kuwa ina ɗaki ni kaɗai, ban san likita ba, ban san hanya ba. Abincin mutanen Masar wake da safe, wake da rana, gurasa a kan komai. Na zo da daddawa da kuka a ƙasan jaka, amma ina garin masara? Na tuƙa wani garin alkama da Delu ta samo, ya fito kamar koko ya yi fushi. Kewar gida ta taso mini gaba ɗaya: ƙarar injin niƙa na bakin layinmu, hayaniyar 'yan dako a Dandume, ƙanshin ɗumamen tuwo. Na buga waya Gozaki, matar yayana ta kara wa Inna a kunne, na ji tana tambaya, "Wace ce?" Na kashe wayar, na fito na zauna a kan matakala na yi kukana.

A nan wata tsohuwa ta same ni. Ummu Karim ake ce mata, ɗakinta na fuskantar namu, gajeriya mai ƙiba, kullum cikin baƙaƙen kaya. Ta tsaya a kaina ta yi ta magana, ban ji ko ɗaya ba. Ta shige ɗaki ta fito da kwanon miyar wake mai zafi da lemun tsami, ta zauna kusa da ni sai da na shanye. Sannan ta sa hannu ta janye mayafin da nake toshe baki da shi, ba ko neman izini. Ta ga wawulon. Ta ce, "Aaah." Sai ta wage nata bakin, ta ƙwanƙwasa haƙoranta na gefe da farce, ƙwas ƙwas ƙwas, ta kama su ta jijjiga don in ga ba sa motsi, ta buga ƙirji. Ban san lokacin da na fashe da dariya ba, ita ma ta fashe, muka yi ta yi a kan matakala kamar mun shekara da sanin juna. Washegari ta kama hannuna, na kama na Delu, ta kai mu wajen likitarta.

Ɗan ƙaramin wuri ne a bayan wani masallaci, ba hotuna, ba ƙamshi. Likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, ana ce mata Dakta Huda. Ta daɗe a cikin bakina. Ta ɗauki hoton ƙashi, ta ƙwanƙwasa wannan, ta taɓa wancan. Da ta ga Larabcin Delu ba zai kai mu ko'ina ba, sai ta ɗauko takarda ta zana. Ta zana rafi, ta zana ginshiƙi a kowace gaɓa, ta ɗora gada a kai. Rafin shi ne giɓina. Ginshiƙan su ne haƙoran da ke gefensa biyu, wanda ya ɓantare da na ɗaya ɓangaren. Za a rage su kaɗan, a yi masu huluna na tangaran, sabon haƙori na tsakiya a haɗe da hulunan, a manne su gaba ɗaya. Su ma a wajensu gada suke ce wa abin. Haƙora uku kawai, sauran ta nuna da hannu cewa lafiyarsu lau, kada kowa ya taɓa su.

Na fahimta sarai, ni da na sha ganin yadda ake ɗora kwalbati a hanyar ƙauye. Na zaro waya na nuna mata hotona na kafin haɗari, ranar bikin ɗiyata, ina wage baki da wushiryata a fili. Na nuna hoton, na nuna bakina. Ta duba da kyau, ta gyaɗa kai, ta yi murmushi ta ɗaga mini babban yatsa. Na fito ina rawa a kan titi, Ummu Karim na tafa mini.

Ranar rage haƙoran na sha jiki. Allurar kashe zafi ta sa leɓena ya zama kamar na wani, ga ƙarar injin nan kamar ana markaɗe a cikin kaina, ga ruwa na fesowa. Na damƙe hannun Delu har ta ce zan karya mata yatsu. Da aka gama na kai harshe na ji haƙorana biyu sun koma 'yan tsiraru kamar ƙwayar shinkafa, na kuma san wannan ba a mayar da shi. Aka cusa mini wani abu mai kama da kwaɓaɓɓiyar fulawa na ciza, aka ɗauki awon baki. Sai likita ta ɗora mini gadar wucin gadi ta roba, wadda zan riƙa amfani da ita kafin a ƙera ta gaskiya, kuma a kan fasalinta za a ƙera. Ta miƙo mini madubi tana murmushi, ita da mai taimaka mata suna jiran in yi guɗa.

Na duba. Haƙora ne masu kyau, farare, a jere rif. Babu giɓi. Babu wushirya kuma. Ta faɗaɗa su kaɗan-kaɗan ta cinye wurin gaba ɗaya, ko zare ba zai bi ba. Matar da ke cikin madubin kyakkyawa ce, amma ban san ta ba, kuma in ni ban san ta ba, ina ga Inna? Na ce, "A'a. A'a, ba haka ba." Na zaro hoton na dangwala yatsa a kan wushiryar. Likita ta sake gyaɗa kai da fara'a, ta yi alamar buɗaɗɗen abu da yatsu biyu, ta haɗe su, ta nuna kanta. Wato ta ga matsalar, ta kuma gyara mini ita kyauta. A wajenta duk wanda ya zo da irin wannan, rufewa yake nema.

A hanyar komawa muka yi faɗa da Delu, faɗa na gaske.

"Ke wace irin mutum ce?" in ji ta. "An ba ki haƙoran da matan gwamnoni ke nema, kina kuka? Wallahi kin fi kyau haka."

"Ba kyau na zo nema ba, Delu."

"To mi kika zo nema? Rami? Mun baro Funtua mun keto hazo don a haƙa maki rami a baki? Kayana sun haɗu, ranar komawarmu ta matso, ni ba zan ɗaga tikiti ba. Ki karɓa ki gode wa Allah. Inna fa tsufa ne, ko da wushiryar zinari kika je mata..."

Ta ga fuskata, ta katse maganar. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Ga haƙora an riga an rage, ba halin in fasa. Ko in karɓi bakin baƙuwa in koma da shi har abada, ko in koma da roba. Da muka isa masauki na kwanta na juya wa Delu baya. Can ta taɓo ni ta ce, "Tashi ki ci wakenki. Gobe mu koma, ko da kurma-kurma sai ta gane."

Muka koma. Na yi nuni, Delu ta yi Larabcin abaya, likita ta yi zane. Abin da na fahimta daga zanenta shi ne, gada sai da haɗi. In aka raba haƙoran gaba biyu aka bar fili, an yanke gadar a tsakiya, me zai riƙe ta? Ta ga dai na kafe, ga hawaye, sai ta ɗaga waya ta kira wurin da ake ƙera mata haƙoran. Ashe akwai wani dattijo a can da ta taɓa ji yana magana da 'yan Nijeriya.

Ba a jima ba ya shigo, dogo baƙi, da farar ƙura a yatsunsa da tabarau a goshi. Ya yi sallama ya ce, "Sannunku da baƙunta. Mutanen wace ƙasa?" Wallahi saura kaɗan in rungume shi, ba don namiji ba ne. Sunansa Malam Bashir. A Sudan aka haife shi, kakansa ya baro ƙasar Katsina a ƙafa zai tafi Makka, ya yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Shi kuma tashin hankali ya koro shi Alƙahira da iyalinsa. Bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarsa irin ta kakannina ce, tsohuwa, mai nauyi. Na ce masa daga Funtua muke, ya ce, "Funtua... ana auduga can, ko? Kakana na faɗi." Na ce ana yi, Baba, ana yi.

Na ba shi labarin tun daga saniya har zuwa "Baƙuwa daga ina?" Ya saurara bai katse ni ba. Ya karɓi hoton ya sauke tabarau ya duba, ya ce, "Allah Ya yi halitta. Uwata ma tana da irinta, ubana har raƙumi ya sayar a kanta." Sannan ya juya ya mayar wa likita da Larabci, a hankali, yana nuna ni, yana nuna hoton. Ina kallon fuskarta. Murmushin ya tafi, ta ajiye biron da ke hannunta, ta tambaye shi wani abu, ya amsa. Ta zo ta dafa kafaɗata ta yi magana a tausashe. Malam Bashir ya ce, "Tana ba ki haƙuri. Ta ce ita ma uwarta na raye." Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ko a ina.

Ta koma kan takardarta tana juya biro. Can ta zana haƙora biyu da fili a tsakaninsu, ta ja wani ɗan lanƙwasasshen layi ta bayansu, ya zagaya ta sama ya haɗe su. Malam Bashir ya leƙa ya ce, "Yawwa!" Ya bayyana mini: za a yi siririn ƙarfe a lanƙwasa shi ta ciki, ya kwanta a jikin ganɗa inda ido ba ya gani, shi zai riƙe gadar, ta gaba kuma a bar wushirya a buɗe. Likitar ta ce ta koye shi a makaranta, amma tun da ta fara aiki babu wanda ya taɓa roƙon ta ta bar masa fili. Ta gargaɗe ni cewa harshe zai riƙa jin ƙarfen, abinci zai riƙa maƙalewa a ƙarƙashinsa, sai na dage da tsafta. Na ce ko kaca za a sa mini na yarda. Suka faɗaɗa hoton a waya, su biyu, suna auna faɗin wushiryata da wani ɗan ma'auni kamar masu rabon gado. Malam Bashir ya ce zai ajiye sauran aikinsa ya yi nawa, don kada jirgi ya bar mu.

Kwanakin jira na yi su kamar sallah. Delu ta kai ni na ga dalar Fir'auna, na ɗaga kai har kallabina ya zame, na ce lalle mutumin nan ya wahalar da bayin Allah. Aka ce in hau raƙumi a ɗauke ni hoto, na ce raƙumi dai raƙumi ne, muna da su. Muka shiga jirgin ruwa a kogin Nilu, na ɗebi ruwan na shafa a fuska. Na shiga jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, taragon mata zalla, wata yarinya ta tashi ta ba ni wuri. Na koya wa Ummu Karim miyar kuka, ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, ta shanye don kara.

Ranar ɗorawa Malam Bashir da kansa ya kawo ta a cikin ɗan akwati, ya ce yana so ya gani da idonsa. Likita ta cire ta robar, ta gwada, ta sa na ciza wata takarda mai launi, ta goge wani wuri, ta sake gwadawa. Sai ta shafa gam ta danna, na ji ta zauna daram. Ta miƙo madubi, wannan karon ba ta yi murmushi ba, tsoro take ji.

Ga ni! Wallahi ga ni! Hansai ta Dandume da Bakori, da wushiryarta siririya tsaf, kamar saniya ba ta taɓa ratso titi ba. Launin ma bai yi farin takarda ba, ya saje da sauran. Na rangaɗa guɗa a cikin asibitin mutane, Delu ta karɓa, Ummu Karim ta yi irin tasu, masu jira a waje suka leƙo. Malam Bashir ya cire tabarau yana goge ido ya ce, "In kin je ki gaishe mini da ƙasar." Na ce sai ya zo ya ci tuwon masara a gidana. Ya yi dariya kawai.

Kafin mu fita likita ta ba ni wani zare mai kauri da ɗan buroshi, ta nuna mini yadda zan riƙa bi ta ƙarƙashin gadar da bayan ƙarfen. Ta kuma kafa mini doka ta bakin Malam Bashir: haƙoran gaban nan ba na gatsar abu mai tauri ba ne. Ba rake, ba ƙashi, ba goro. In ina so, in yanka ƙanana in tauna da na ciki. Na ce na ji na ɗauka. A jirgin dawowa babu wanda ban yi wa murmushi ba, har da waɗanda ke barci.

Kwana ɗaya na yi a Funtua na wuce Gozaki. Na tarar da Inna a tsakar gida a kan tabarma, ta jingina da rumbu tana shan hantsi. Na cire mayafi, na durƙusa dab da ita, na buɗe baki iyakar buɗewa na ce, "Inna, ina kwana?"

Ta dube ni. Ta daɗe tana dubana. Sai ta ce, "Lafiya lau. Sannu da zuwa, baƙuwa. A kawo mata ruwa."

Na zauna daɓas. Matar yayana ta kawo ruwan ba ta yarda mun haɗa ido ba. Na sha, don ban san abin da zan yi ba. Na tuna likitan Malumfashi, na tuna maganar Delu, na ce shi ke nan, Allah Ya sa haka ya fi alheri. Inna ta kwance gefen zanenta ta ciro goro ta miƙo mini, irin karamcin da take yi wa kowane baƙo. Na karɓa da hannu biyu. Har na kai baki, sai na tuna doka. Na ce a miƙo mini wuƙa, na shiga yanka shi ƙanana a tafin hannu.

Inna na kallona. Ta laluba ƙarƙashin tabarma ta jawo magoginta, ɗan gwangwanin nan mai huji da take goga goro a kai tun da haƙoranta suka zube, ta turo mini shi da tausayi.

"Ungo, baiwar Allah. Ashe ke ma ba haƙoran gare ki ba."

Ban san daga inda ta fito ba. Jirgi, allura, injin, ƙarfe a ganɗa, duk don a ba ni magogi! Dariya ta ƙwace mini, irin ta da, ta kasuwa, wadda na manta ina da ita. Na kifa na tashi, na buga cinya, kaji suka watse, baki a wage ba mayafi.

Sai na ji duka a gadon bayana, tas.

"Ke Hansai! Ba na hana ki dariyar nan ba? Mace da girmanki, kina wage baki gaban baƙi!" Ta waiga tana neman baƙuwar, ba ta gan ta ba. Ta dawo da ido kaina, ta sa babban yatsa ta ɗaga leɓena ta duba, ta saki. "Ina kika shiga ne duk kwanakin nan?"

Na ce, "Na ɗan yi tafiya ne, Inna."

"To ba ni magogina."